Kisan Jinƙai: Haramcin da Muka Yarda da Shi da Bashin da Ya Ɗora Mana

A ranar 20 ga Yunin 2025 majalisar wakilan Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudirin da 'yar majalisa Kim Leadbeater ta gabatar. Ƙudirin ya ce baligin da ke Ingila ko Wales, wanda likitoci biyu suka tabbatar cutarsa ba za ta bar shi ya wuce wata shida ba, yana iya neman a ba shi maganin da zai sha da hannunsa ya mutu. Mutum 314 suka amince, 291 suka ƙi, sannan ƙudirin ya wuce majalisar dattawa inda ya ci karo da turjiya mai tsanani. Cikin waɗanda suka fi ɗaga murya wajen adawa akwai Danny Kruger, ɗan siyasa mai ra'ayin riƙau, Kirista mai riƙo da addininsa, wanda ya taɓa rubuta wa tsohon firaminista David Cameron jawabai. Mahaifiyarsa kuwa, Prue Leith, sananniyar mai shirin girke-girke a talabijin, tana sahun gaba na masu neman a halasta abin, domin ta ga irin azabar da ɗan'uwanta ya sha kafin kansar ƙashi ta kashe shi. Uwa da ɗa har tafiya suka yi tare zuwa Kanada da Amurka a wani shirin talabijin na 2023, kowa na neman ya janyo ɗaya, suka dawo kowa na kan bakansa.

Kai wannan labari ƙauyen Fagada, ko majalisar dattawan wata unguwa a Jega, ko rumfar 'yan albasa a Aliero, ka ga ko za a yi musu. Kafin ka rufe baki an yi a'uziyya. Rai na Allah ne, Shi ya bayar, Shi zai karɓa, shi ke nan. A kan wannan batu kusan kowa a ƙasar Gwandu mai ra'ayin riƙau ne, malami da jahili, Musulmi da Kirista. Ni ma ina cikinsu. Sai dai saurin amincewar nan ya sa ba mu taɓa zama mun duba abin da muka amince da shi ba, har muna cakuɗa abubuwa uku da shari'a da likitanci suka rarrabe: kashe majinyaci, dakatar da maganin da ya daina amfani, da barin majinyaci cikin azaba saboda babu kuɗi. Na farko ne aka fi gardama a kansa a Turai. Na ukun shi ne namu, kuma ba mu kiran sunansa.

Hujjar masu ra'ayin riƙau irin su Kruger ba ta tsaya ga addini ba, kuma a nan ƙarfinta yake. Suna cewa duk dokar da aka buɗe don mutum kaɗan, faɗaɗa take yi. Tarihi bai ƙaryata su ba. Holan ta fara aiki da dokarta a 2002, yanzu fiye da kashi 5 cikin 100 na mace-macen ƙasar ta wannan hanya suke zuwa. Beljiyam ta halasta a 2002, ta cire iyakar shekaru a 2014, wato har yaro yana iya nema idan iyaye suka yarda. Kanada ce ta fi ba da tsoro: ta fara a 2016 da waɗanda mutuwarsu ta ƙarato, a 2021 ta buɗe wa waɗanda cutarsu ba ta ajali ba ce, a 2023 kuwa mutum fiye da 15,000 suka mutu ta wannan hanya, kusan ɗaya cikin kowane mamaci ashirin. Har an tsara a shigar da masu taɓin hankali zalla, aka ɗage zuwa 2027 saboda ƙorafi. A ƙarshen 2022 wata tsohuwar sojar Kanada mai naƙasa ta shaida wa kwamitin majalisa cewa ta daɗe tana neman a saka mata abin hawa bene da kekenta, sai wani jami'i ya ambata mata cewa akwai hanyar mutuwa idan ta gaji.

Hujja ta biyu ta fi ta farko kama zuciya. Jihar Oregon ta Amurka, wadda ta fara aiki da irin wannan doka tun 1997, tana fitar da rahoto duk shekara kan dalilan da masu nema ke bayarwa. Raɗaɗin ciwo ba shi ne kan gaba ba. Abin da ke kan gaba shi ne rasa ikon yi wa kai hidima, kuma kusan rabinsu sukan ambaci tsoron zama nauyi a kan iyali. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san wannan magana. Tsohuwa tana kwance, ta ga an sayar da tunkiya, an sayar da buhunan gero, ta ji ana raɗa a zaure kan gonar fadama, sai ta ce, “Ku bar wahalar da kanku haka nan, ku mai da ni ɗakina.” A yau amsar 'ya'yanta ita ce, “Haba Inna, daina faɗin haka, in da rai da rabo.” Ranar da doka ta ce mutuwa zaɓi ce cikin zaɓuɓɓuka, wannan tsohuwa za ta fara jin cewa ci gaba da numfashinta son kai ne. Ba sai wani ya matsa mata ba. Kunya kaɗai ta isa.

Ɗaya ɓangaren ma ba mutanen banza ba ne, kada mu yi musu ƙage. Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kare ran ɗan'adam, ya fito a 2014 ya goyi bayan a bar mai ciwon ajali ya zaɓi lokacinsa, ya sake nanatawa a 2016 yana da shekara 85. Abin da suke cewa shi ne akwai azabar da magani ba ya kaiwa gare ta, kuma ba daidai ba ne imanin wani ya zama sarƙa a wuyan wanda bai yi imani da shi ba. Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce doka ba a yin ta don mai ilimi mai kuɗi mai lauya kaɗai. Ana yin ta ne har da marainiyar da ƙanin ubanta ke hangen gado, da kishiyar da aka gaji da jinyarta, da mai shanyewar ɓarin jiki da ba ya iya cewa a'a. A ƙasar da takardar shaidar mutuwa ma ba kowa ake yi wa ba, kuma ana binne mamaci kafin rana ta faɗi, wa zai bincika ko da gaske marigayin ne ya nema?

Dokokinmu sun daɗe da rufe wannan ƙofa. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin rayuwa. Dokar Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa. Kundin laifuka na Kudu ya fi tsanani: ɗaurin rai da rai, kuma ya fito fili ya ce wanda ya gaggauta mutuwar mara lafiya, kashe shi ya yi. Ƙa'idojin hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, sun haramta wa likita yin hakan ko da majinyaci ya roƙa. A Kebbi kuma, tun 2000, zamanin mulkin Gwamna Adamu Aliero, akwai dokokin laifuka na shari'ar Musulunci da aka gina kan mazhabar Malikiyya. Ita kuwa Malikiyya a nan ta fi sauran tsauri. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tattauna mas'alar mutumin da ya ce wa wani, kashe ni, na yafe maka jinina. Duk sun haɗu a kan haramci, sai dai sun saɓa a kan hukunci: Hanafawa sun sauke ƙisasi sun bar diyya, wasu sun sauke duka biyun, amma mashhurin zance a wurin Malikawa, wanda duk almajirin da ya karanta Muhtasar na Halil zai tarar, shi ne ƙisasi yana nan. Dalilinsu mai kaifi ne: mutum ya yafe haƙƙin da bai riga ya zama nasa ba.

Tushen hukuncin sananne ne. Suratun Nisa'i ta hana kashe kai, Suratul Isra'i da Suratul An'am sun hana kashe rai ba da haƙƙi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da rauni ya dame shi, ya kasa jurewa, ya yanke hannunsa jini ya zuba har ya mutu, aka haramta masa Aljanna saboda ya yi wa Ubangijinsa gaggawa. Ko fatan mutuwa saboda wata cuta an hana. Cocin Katolika ma matsayinta ke nan, kuma a watan Oktoban 2019 wakilan Musulmi da Kirista da Yahudawa suka sa hannu a Fadar Vatican kan takarda guda da ke ƙin kisan jinƙai, tana kuma kira da a inganta kulawa da masu ciwon ajali. Wannan rabi na biyu na takardar shi ne ba a cika tunawa da shi ba.

Inda nake rabuwa da wasu 'yan fafutukar riƙau shi ne inda suka mai da kowace na'ura farilla. Shari'ar Terri Schiavo a Amurka ta nuna yadda abin ke rikicewa. Zuciyarta ta tsaya a 1990 tana da shekara 26, ƙwaƙwalwarta ta lalace, ta yi shekara 15 ana ciyar da ita ta bututu. Mijinta ya ce ba za ta so a bar ta haka ba, iyayenta suka ce a ci gaba. Randall Terry, ɗan fafutukar da ya yi suna wajen tare ƙofofin asibitocin zubar da ciki, ya zama kakakin iyayen, aka cika bakin gidan jinyar da masu zanga-zanga, majalisar dokoki ta yi zaman gaggawa, Shugaba George Bush ya katse hutu ya dawo ya sa hannu kan doka saboda mace ɗaya. Kotuna ba su sauya hukunci ba, ta rasu ranar 31 ga Maris 2005. A kan ainihin batun, wato hana abinci da ruwa, malaman Musulunci da yawa za su tsaya ne tare da iyayen, domin ci da sha ba magani ba ne. Amma yadda aka mai da gadon jinya dandalin siyasa ya bar mutane da wani mugun zato, cewa duk abin da aka cire wa mara lafiya kisa ne.

Ba haka fiƙihu ya ce ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa idan ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar babu dawowa, ya halasta a cire na'urar numfashi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta amince da cirewar a 1987, sai dai ta ce ba za a yi hukuncin mutuwa ba sai zuciya ta tsaya. Kwamitin fatawa na Saudiyya ya halasta kada a yi yunƙurin farfaɗo da wanda amintattun likitoci uku suka haɗu a kan cewa yunƙurin ba zai amfane shi ba. Tun kafin duk wannan akwai hadisin matar nan mai farfaɗiya da aka ba zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri, wanda malamai suka kafa hujja da shi cewa neman magani ba kullum yake zama wajibi ba. Wanda ya cire na'ura daga jikin da ƙwaƙwalwarsa ta mutu, ya bar cuta ne ta ƙarasa abin da ta fara. Wanda ya ɗura guba a jijiya, shi ya kawo sanadin.

Kotun Ƙoli ta Najeriya ma ta ja wannan layi. A 2001, a shari'ar kwamitin ladabtar da likitoci da Dakta Okonkwo, ta duba batun wata mai jego 'yar ɗariƙar Shaidun Jehobah da ta ƙi ƙarin jini a Inugu har ta rasu. An hukunta likitan don bai tilasta mata ba, Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi kabari. Ke nan a dokar ƙasar nan kana iya cewa a bar ka, ba ka iya cewa a kashe ka.

Rashin sanin wannan bambanci yana cin dukiya da zukata. Iyali su ji likita ya ce kansar ta bazu, amma babu mai ƙarfin halin cewa a tsaya, don kada dangi su ce an yi wa tsoho rowa ko an yanke ƙauna daga rahamar Allah. Sai a kwashe shi daga Jega zuwa Birnin Kebbi, daga nan asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wani lokaci har Zariya ko Abuja, a sayar da albasar da aka adana don tsada tun farashi bai tashi ba, a jinginar da gona. Ƙarshe ya cika a kan hanya ko a baranda cikin baƙin fuskoki, ba a ɗakinsa ba inda za a laƙƙana masa kalmar shahada, a bar marayu da bashi. Mutanen yankin nan ba masu saurin sallamawa ba ne. Garin da ake niƙo gari daga nesa ana kawo wa maɗoransa karayar da aka fid da rai da ita, wato Aliero, ba za a koya masa naci ba. Amma naci a kan abin da ya ƙare wani lokaci majinyacin yake azabtarwa.

Wannan shi ne ƙaramin ɓangaren matsalar. Babban shi ne akasinsa. A asibitocinmu na'urar numfashi ba ta ma wadata ba balle a yi gardamar cire ta. Abin da ake ji shi ne, “Ku tafi da shi gida, sai addu'a,” ko kuwa dangi da kansu su sa hannu a takarda su ɗauke mara lafiya da dare saboda kuɗin gado da na ƙarin ruwa sun fi ƙarfinsu. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Mai ciwon ƙoda da ke buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako, ranar da kuɗi suka ƙare ranar aka yanke masa hukunci, ba likita biyu, ba kwamiti, ba alƙali. Hukumar binciken kansa ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 Najeriya ta samu sababbin masu kansa kusan 128,000, kusan 80,000 kuma suka mutu, galibi don an zo asibiti a makare. Mun haramta wa likita ya gaggauta ajali, mun zuba ido talauci yana yin aikin a fili. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ta shafe shekaru tana yawo a kusa da kashi 5, manyanmu kuwa in kai ya sara sai Landan ko Alƙahira.

Wanda aka mayar gida, yaya yake ƙarasa kwanakinsa? Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da mai sankarar mama ko ta mahaifa ke matakin ƙarshe ya san nishin da ke hana maƙwabta barci. Ana ba ta farasitamol da rubutu da tofi, ana cewa Allah Ya sa kaffara ne. Amin. Amma maganin wannan raɗaɗi yana nan, sunansa mofin, kuma yana cikin magunguna mafiya araha a duniya. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafiya talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa, Najeriya kuwa abin da take samu bai kai kashi 1 na buƙatarta ba. Abin takaici, a ƙasar da tiramol ke yawo a tasha da bakin kasuwa, har aka hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda matasa sun mai da shi abin sha, mai kansa ne ya rasa abin da zai kwantar masa da ciwo. Tsoron hukuma ya sa masu kemis na gaskiya ba sa son ajiye shi, likitoci da yawa ba su saba rubuta shi ba, dangi kuma suna jin cewa allurar ƙarshe ce. Ba haka ba ne. Mofin da aka auna daidai da ciwo, aka riƙa ƙarawa a hankali, ba ya kashe mutum, yana ba shi damar yin barci, ya ci abinci, ya yi salla, ya yi wasiyya da hankalinsa. Niyyar mai bayarwa sauƙaƙe ciwo ce, kuma a kan niyya ake hukunta aiki.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Yuganda a 1993. Garin mofin ake narkawa a ruwa a zuba a kwalabe a ba majinyaci ya tafi da shi gida. A 2004 Yuganda ta sauya doka ta bar nas-nas da aka horar su rubuta shi, domin likita ba ya isa ƙauye, gwamnati kuma tana bayar da shi kyauta. A nan gida asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan kulawa a 2007 bisa jajircewar Farfesa Olaitan Soyannwo, kuma tarayya ta fitar da manufa a kan batun a 2021. Manufa dai tana takarda. Kebbi ba baƙuwa ba ce a fagen yaƙi da kansa, ganin irin aikin wayar da kai da gwaji da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta yi ta gidauniyar Medicaid. Gwaji da wayar da kai na wanda za a iya cetowa ne. Wanda aka makara a kansa shi ma yana da haƙƙi.

Saboda haka duk ɗan siyasa ko mai wa'azin da ya hau mumbari ya la'anci abin da ake yi a Kanada, na yarda da shi, amma ina da tambayoyin da zan bi shi da su. Akwai mofin na sha a babban asibitin Jega, da na Aliero, da na Maiyama? Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, ta saka kulawar masu ciwon ajali cikin abin da take biya? Kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, wadda ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da asibitocin ƙauyuka irin su Fagada, tana koya musu yadda ake auna raɗaɗi, da wanke gyambon kwanciya, da yadda ake gaya wa iyali gaskiya ba tare da an karya musu zuciya ba? 'Yan majalisar jiha na waɗannan ƙananan hukumomi uku su kai maganar zauren majalisa a lokacin kasafi. Limamai kuma, don Allah, ku ware huɗuba guda ku bayyana wa jama'a fatawar Amman da ta Makka, ku gaya musu cewa shan maganin kashe raɗaɗi ba ya rage ladan haƙuri, kuma zakka tana halatta ga matalaucin da jinya ta durƙusar.